Yadda na gyara takardar inshorar motata bayan na sa mata tukunyar gas

Motar Toyota Corolla ce ƙirar 2010. Na saye ta a Kaduna a shekarar 2022 kan naira miliyan 4, da bashin ƙungiyar taimakon kai da kai ta ma'aikatan ofishinmu. Sharaɗin ƙungiyar shi ne duk wanda ya karɓi bashin mota sai ya yi mata cikakkiyar inshora, wadda ke ɗaukar haɗari da gobara da sata, ba ƙaramar nan da ta tsaya kan wanda ka yi wa ɓarna kawai ba. Na zaɓi takaful, wato inshora irin ta tsarin Musulunci, domin hankalina ya fi kwanciya da shi. Duk ƙarshen Afrilu saƙo yakan shigo waya, in biya, a turo sabuwar takarda, in buga ta in sa cikin sauran takardun mota.

Daga baya al'amura suka sauya. Aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Abuja, na kama haya a Kubwa. Aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 a Oktoban 2024. Duk mai bin titin Kubwa zuwa cikin gari safe da yamma ya san yadda hakan ke cinye albashi. Shi ya sa a watan Nuwamba na kai motar ɗaya daga cikin cibiyoyin da gwamnatin tarayya ta amince su riƙa juya motoci zuwa gas ɗin CNG, wato iskar gas da ake matsewa mota ta yi aiki da ita maimakon fetur, aka ɗaura mata tukunya a but. A daidai wannan lokacin kuma ɗan yayana, wanda ya gama bautar ƙasa yana zaune a gidana ba aikin yi, ya nemi in bar masa motar da yamma da kuma ranakun Asabar da Lahadi ya riƙa yin Bolt da ita, wato ɗaukar fasinja ta manhajar waya.

Injiniyan da ya yi aikin gas ɗin ne ya fara taɓo maganar. Yana miƙo mini takardar shaidar aikin, mai ɗauke da lambar tukunyar da ranar da aka gwada ta, sai ya ce, "Alhaji, in kana da cikakkiyar inshora ka kai musu wannan. Motar da suka sani ba ita ce za ka fita da ita daga nan ba."

Da na koma gida na nemo ainihin yarjejeniyar. Ba takardar shaida mai shafi ɗaya da ake nuna wa 'yan sanda nake nufi ba, a'a, mai shafuka da yawa wadda aka turo ta imel tun ranar farko. A shafin da aka jera bayanan mota akwai sunana, da adireshina na Kaduna, da lambar mota, da lambar shasi, da lambar inji, da darajar da aka ɗora wa motar. A ƙasa akwai layin da ya fayyace abin da aka yarda a yi da ita: harkokin gida, ziyara, zuwa wurin aiki. Nan take kuma aka ce ban da haya, ban da ɗaukar mutum ko kaya don a biya ka. Game da direba an sassauta, ni ko duk wanda na ba izini, muddin lasisinsa yana da rai. Can cikin sharuɗɗa kuma aka rubuta cewa duk wani sauyi da zai ƙara haɗarin da kamfani ya ɗauka, wajibi ne in sanar da shi a rubuce.

Wato ɗan yayana yana iya tuƙa motar zuwa kasuwa ko asibiti ba tare da an taɓa takarda ba. Amma daga lokacin da fasinja ya shiga ya biya, inshorar ta tsaya a bakin ƙofa.

Washegari na kira wakiliyar da ke riƙe da fayil ɗina, wata baiwar Allah mai haƙurin bayani. Na fara da maganar gas, ina ɗari-ɗari, domin a zatona da zarar ka ce wa kamfanin inshora wani abu ya sauya, ƙofar ƙarin kuɗi ka buɗe musu, ko ma su ce sun fasa. Ta ce, "Yallaɓai, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Faɗa mini duka, kada ka rage komai, sai mu ga wanda zai ci kuɗi da wanda ba zai ci ba." Na lissafa mata ƙaura, da tukunya, da maganar haya. Ita kuma ta ƙara da tambayar da ba ta cikin lissafina: "In yau za ka sayi irin motar nan, nawa za ka biya?"

Wannan tambayar ita ce ta fi komai girgiza ni, kuma a kanta nake son mai karatu ya ɗan tsaya. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma kusan duk motar da muke hawa daga waje ake shigo da ita, haka ma kayan gyaranta. Na zaga wajen dillalan mota da ke gefen babban titi, na tambayi irin tawa, mai shekaru ɗaya da lafiya ɗaya. Bakinsu ya zo kusan ɗaya, wajen naira miliyan 8. Takardata kuwa tana nan a kan miliyan 4. Saƙon sabuntawa yakan zo kowace shekara da tsohon adadin, babu layin da ke tambayarka ko farashi ya motsa, kuma a ganina wannan gibi ne da ya kamata kamfanoni su toshe da kansu, domin sun fi mu sanin abin da ke faruwa a kasuwa.

Ta yi mini lissafin a fili. In aka sace motar ko ta ƙone ƙurmus, iyakar abin da za a ba ni shi ne abin da ke rubuce, miliyan 4, wanda yanzu rabin mota ne. Wannan kowa zai gane. Abin da ban sani ba shi ne ko ƙaramin haɗari abin yana shafarsa. A yarjejeniyata akwai sharaɗin cewa in darajar da aka rubuta ta gaza ta kasuwa, ana iya biyan gyara gwargwadon wannan gazawar. Motar miliyan 8 da aka yi wa inshorar miliyan 4, rabinta ke nan ka miƙa wa kamfani, rabin kuma ka riƙe a wuyanka. In gyara ya ci naira 600,000, za su iya cewa nasu 300,000 ne, daga ciki kuma a cire kason da dama mai mota ke ɗauka da kansa. Mutum ya yi shekaru yana biya ba fashi, ranar da ya zo karɓa a ba shi abin da bai kai kuɗin fitila biyu da bamba a kasuwar kayan gyaran mota ta Apo ba, sai ya fita yana cewa inshora damfara ce. Wani lokaci da gaskiyarsa. Sau da yawa kuwa takardar ce aka bari a farashin shekarun baya.

Gyaran wannan yana da tsada, ba zan ɓoye ba. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ƙayyade cewa kuɗin cikakkiyar inshorar mota kada ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar, bayan duk wani rangwame. A kan miliyan 4, naira 200,000 ke nan a shekara. A kan miliyan 8 kuwa 400,000. Sauƙin da na samu shi ne ba a cajin shekara guda a tsakiyar shekara. Sauran watannin da suka rage ake lissafawa, kuma da yake wajen rabin shekara ya rage kafin Afrilu, ƙarin ya tsaya a kusan naira 100,000.

Adireshi bai ci ko kwabo ba. Layi ɗaya ne aka sauya, tare da tambayar inda motar ke kwana, cikin gida mai ƙofa ko bakin titi.

Maganar gas ta fi ɗaukar takardu fiye da kuɗi. Sun nemi takardar shaidar cibiyar da ta yi aikin, da rasit, da hoton tukunyar inda lambarta ta fito sosai. Wakiliyar ta ce sun tsananta ne tun bayan fashewar da aka samu a wani gidan sayar da gas a Benin ta jihar Edo a Oktoban 2024, inda hukumomi suka ce tukunyar da ke cikin motar ba ta ƙa'ida ba ce, haɗa ta aka yi da walda. Tukunyar CNG tana riƙe iska ne a matse ƙwarai, ba irin ta girki ba ce, kuma babu kamfanin da zai yarda ya ɗauki gobarar motar da bai san wanda ya taɓa hanyar da mai ke bi a cikinta ba. Na ga dacewar hakan. Sun kuma ƙara kuɗin kayan gas ɗin a kan darajar motar, domin in ba a rubuta su ba, ranar da aka buge ta ta baya but za a gyara a bar ni da asarar tukunya.

Sai suka turo injiniyansu ya duba motar a harabar ofishinmu. Ya zagaya ta yana ɗaukar hoto ta kowace kusurwa, ya buɗe gaba ya gwada lambar inji da ta shasi da abin da ke takarda, ya rubuta kilomitocin da ta ci, ya leƙa but ya taɓa ƙarafan da suka riƙe tukunyar. Wata tsohuwar ƙujewa da ke ƙofar baya ma sai da ya rubuta ta, don kada gobe a haɗa ta cikin sabon haɗari. Yana aikin yana ba ni labarin cewa abin da ya fi cin karo da shi shi ne mutanen da injinsu ya buga, suka sayo na Beljiyam aka ɗora, ba su gyara lambar inji a ko'ina ba. Ranar neman diyya sai a tarar takarda na maganar wani inji, mota na ɗauke da wani.

Inda aka fi jan magana shi ne haya. Abokan aiki da na yi wa zancen, yawancinsu shawara ɗaya suka ba ni: kada in faɗa. Wa zai sani? In wani abu ya faru, sai a ce yaro aike ya je. Na san da yawa daga cikin motocin da ke yin wannan sana'a a Abuja haka suke yawo, da takardar motar gida.

Na ƙi wannan shawara saboda dalili biyu. Na farko, ƙaryar ba ta da ƙafa. Ba a biyan diyyar babban haɗari sai da rahoton 'yan sanda, fasinjan da ya ji rauni kuma zai faɗi yadda aka yi ya shiga motar, manhajar ma tana riƙe da lokacin da aka ɗauke shi da inda aka nufa. Ranar da ka fi bukatar kamfani ita ce ranar da zai sami hujjar juya maka baya, ga fasinja kwance a asibiti, ga danginsa a ƙofar gidanka.

Na biyun ya fi zauna mini a rai. A takaful, kuɗin da muke zubawa gudummawa ce cikin asusu ɗaya na mahalarta. Kamfani wakili ne da ke kula da asusun yana karɓar ladansa, diyya daga cikin asusun take fita, in an sami rara kuma ana iya raba wa waɗanda ba su karɓi komai ba. Motar da ke yini a titi har tsakar dare tana neman fasinja ta fi wadda ke kai mai ita ofis ta dawo shiga haɗari, wannan ba ya bukatar gardama. In na zuba gudummawar motar gida alhali tawa ta haya ce, ba kamfani na cuta ba, mutane irina na cuta, malamin makaranta da 'yar kasuwa da suka faɗi gaskiyar tasu motar. Na shiga takaful ne don in kauce wa shubuha. Ban ga yadda zan shigo da ita da hannuna ta wata ƙofar ba.

Don haka na rubuta a cikin wasiƙar cewa za a riƙa ɗaukar fasinja da motar ta hanyar manhaja, na haɗa da hoton lasisin yaron. Suka tambayi shekarunsa da tsawon lokacin da ya yi yana tuƙi, suka ce za su mayar da motar ajin haya. Gudummawa ta ƙaru, kason da zan ɗauka da kaina in an yi haɗari shi ma ya ƙaru, musamman in shi ne a kan sitiyari, saboda ƙuruciyarsa. Suka kuma shigar da fasinjoji cikin waɗanda inshorar ta rufe, da adadin kujerun da aka yarda. Wakiliyar ta ja kunnena cewa nasu ɓangaren inshora ne kawai, takardun izinin haya da hukuma ke nema wani abu ne dabam da sai mun bi da kanmu.

Da adadin ya fito na zaunar da ɗan yayana bayan sallar isha'i, na ajiye masa takardar a gaba. Na ce ƙarin darajar mota da na gas a wuyana suke, domin ko babu shi zan biya su. Ƙarin haya kuwa sana'arsa ce ta jawo shi. Ya duba ya ce, "Baffa, wannan ai zai cinye ribar makonni." Na ce haka ne, kuma gara ya san haka tun yanzu, domin kuɗin inshora cikin jarin sana'ar yake, daidai da taya da baƙin mai. Muka yi yarjejeniya zan biya gaba ɗaya, shi kuma ya riƙa cire wani abu duk mako yana mayar mini. Na ga ya ɗauki biro yana lissafin abin da zai rage masa bayan gas da kason manhaja, abin da bai taɓa yi ba tun da ya fara zancen.

Akwai wani mataki da bai zo mini a rai ba sai da wakiliyar ta tuna mini. Sunan ƙungiyarmu yana cikin yarjejeniyar a matsayin mai haƙƙi a kan motar har sai bashi ya ƙare, saboda haka ba za a sauya amfanin motar ba sai da saninta. Na kai wa ma'ajin ƙungiya kwafin wasiƙar, ya kai gaban kwamiti, suka sa hannu. Su ƙarin darajar ma daɗi ya yi musu.

Duk tsawon wannan lokacin motar ba ta ɗauki fasinja ko ɗaya ba, ko da yake an riga an buɗe wa yaron asusunsa a manhaja yana ta ƙaguwa. Dalili shi ne ƙa'idar da NAICOM ta fara tilastawa tun Janairun 2013: in ba a biya ba, babu inshora. Alkawarin baki ko saƙon "mun karɓi wasiƙarka" ba ya rufe komai. Gyaran yana fara aiki ne bayan kuɗi ya shiga asusun kamfani, daga ranar da aka rubuta a takardar gyara. Na tura kuɗin kai tsaye zuwa asusun da ke ɗauke da sunan kamfanin, ba na wani mutum ba, na ajiye shaidar biya.

Takardar gyaran ta zo ta imel, shafi biyu, ɗauke da lambar tsohuwar yarjejeniyata da jerin abin da ya sauya da ranar da kowanne ya fara. Na bi ta layi-layi da takardun mota a gefe. Daraja daidai, amfani daidai, adireshi daidai. A lambar tukunya ne aka juya alƙaluma biyu. Na mayar, aka gyara, aka sake turowa tare da sabuwar takardar shaida wadda layin amfani a cikinta ya daina cewa ban da haya. Daren nan ɗan yayana ya fita aikinsa na farko.

Ba a daɗe ba, daga 1 ga Fabrairun 2025, rundunar 'yan sanda ta fara tilasta inshorar ɓangare na uku a faɗin ƙasa, wato ƙaramar nan da ta tsaya kan wanda ka yi wa ɓarna, wadda kuɗinta ga motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun 2023, diyyar ɓarnar dukiya kuma daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Mutane suka yi ta rububin neman takarda, wasu a hannun 'yan-kan-hanya da ke zagaye ofisoshin lasisi. Akwai hanya mai sauƙi ta gane ta gaske: a danna *565*11# a waya, ko a shiga rumbun bayanai na NIID da ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya ke gudanarwa, a sa lambar mota. Na gwada tawa, ta fito da ranar ƙarewarta. Sai dai wannan binciken iyakarsa ya nuna inshora tana da rai. Ba zai gaya wa ɗan sanda ko mai mota cewa darajar da ke ciki ta shekaru uku da suka wuce ce ba, ko cewa an ɗaura tukunya, ko cewa motar ta koma haya. Takarda tana iya wuce kowane shingen bincike daga Zuba har Kaduna, ranar neman diyya kuma ta kasa tsayawa.

Da Afrilu ya zo, ban jira saƙon sabuntawa ba. Na sake zagawa wajen dillalai na ji farashi, na tura wa wakiliyar adadin da nake so a rubuta, aka haɗe duk gyare-gyaren cikin sabuwar yarjejeniya guda. A watan ne kuma aka cire kason ƙarshe na bashin daga albashina. Na karɓi wasiƙar ma'aji mai tabbatar da cewa ƙungiya ba ta bi na komai, na haɗa da takardun sabuntawa, aka cire sunanta. In ba a yi haka ba, duk wata babbar diyya sai ta bi ta hannun ƙungiya kafin ta iso gare ni, a kan motar da na riga na gama biya.